Saƙon da na tura wa Yaya

Ni mai cajin waya ne. Tun 2011 nake zaune a rumfa ɗaya kusa da tashar mota a nan Maradi, da allon soket mai baki arba'in, da ɗan janareto saboda ranar da aka ɗauke wuta, da wata tsohuwar kwamfuta da na saya a hannun wani direban Kano. Caji dala goma ne. In mutum yana son a zuba masa wa'azi ko karatu ko waƙa a memori, dala ashirin zuwa arba'in, gwargwadon abin da ya zaɓa. Da manyan wayoyi suka yi arha sai aikin ya ƙaru. Ni ke buɗe wa mutane WhatsApp, ni ke sa musu hoto, ni ke kama yatsan dattijo in nuna masa inda zai danna ya riƙe ya yi magana. Mutanen ƙauyukan Madarunfa da Tibiri da Gidan Rumji in sun shigo cin kasuwa wajena suke barin salularsu, su dawo bayan la'asar su karɓa. Yawancinsu ba su yi boko ba. Ni kuwa na yi lakwal har kwaleji kafin na bari, ina karanta faransanci. Saboda haka a wurinsu duk abin da ya fito daga wayata ya riga ya bi ta hannun wanda ya sani.

Na rubuta wannan ne saboda abin da na yi da yardar da aka ba ni, da abin da ya biyo baya a ɗakin yayata, uwa ɗaya uba ɗaya.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mutumin rediyo ne. Yana da wani baƙi mai batir huɗu da yake ratayewa a ƙusar zaure. Bayan sallar asuba BBC, da rana Muryar Sahel, da dare ya lalubo Jamus ko Amurka. In gardama ta kaure a ƙofar gida kan farashin gyaɗa ko kan wanda ya ci zaɓe a Najeriya, ya isa wani ya ce "rediyo ya faɗa", kowa ya kama bakinsa. Rediyo ma yana kuskure, amma an san mai magana, an san sunansa da muryarsa, gobe ma shi za a ji, kuma in ya shirga ƙarya akwai inda za a same shi. A cikin wannan na tashi. Da waya ta zo, sai muka kwashe girman da muke ba rediyo muka ɗora mata, ba mu tsaya mun tambayi wa ke magana a ciki ba.

Karo na farko da na ga ƙarfin abin shi ne watan Agustan 2014, bayan da Ebola ta shiga Legas. Ana kiran assalatu wayar Inna ta yi ƙara. Ƙanwarta ce daga Katsina, tana haki: ku tashi maza ku yi wanka da ruwan zafi da gishiri kafin rana ta fito, ku kuma sha. Inna ta tashe mu duka, har jikokinta. Muka yi wanka, muka sha. Ni da kaina na buga wa mutum ya fi goma kafin gari ya waye. Daga baya muka ji cewa a Najeriya an kwantar da mutane da dama a asibiti saboda shan gishirin nan, har wasu sun rasa rayukansu, kuma gishiri ba ya hana Ebola. Cutar ma ba ta shigo Nijar ba. Inna mai hawan jini ce, ƙafafunta suka kwana biyu a kumbure. Da ina da hankali da na tsaya a nan. Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne wata magana da na yi shekaru ina faɗa wa kaina: in bai yi amfani ba, ai bai cutar ba. Da ita na riƙa tura duk abin da ya shigo.

Kafin 2020 ina cikin gurup ya fi ashirin. Na unguwa, na fadarmu inda muke shan shayi, na dangi, na direbobi, na waɗanda muka yi lakwal tare. Abin da ya fi yawo a cikinsu saƙon murya ne, wanda muke ce wa vokal, domin shi ba ya buƙatar karatu. Tsohuwa tana tankaɗe tana saurare. Kuma ina jin daɗin in zama na farkon da ya kawo labari. In na shigo fada aka ce "ga mai labarai nan", sai in ji kaina ya ƙaru. Wannan ma dole in faɗe shi, domin ba tausayin jama'a kaɗai ke sa ni turawa ba.

Shekarar 2020 ta same mu a matse. Najeriya ta rufe iyakarta tun Agustan 2019, kuma duk wanda ya san Maradi ya san da hanyar Dan Isa zuwa Jibiya garin nan ke numfashi. Ciniki ya mutu, matasa suna zaune. Ranar 19 ga Maris aka sanar da mutum na farko mai korona a Nijar, aka rufe makarantu, aka hana sallar jam'i. Ran mutane ya ɓaci ƙwarai. Ana cikin haka, a farkon Afrilu, wasu likitoci biyu na Faransa suka yi magana a talabijin kan a gwada wata allura a Afirka. Wannan ya faru da gaske, har shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya fito ya yi tir da maganar. Hoton ya shiga kowace waya a garin nan, wani ya fassara shi da Hausa ya ƙara nasa gishiri. Daga ranar duk wanda ya zo da farar riga da jaka ana masa kallon ɗan aike.

A irin wannan yanayi damina ta faɗi, lokacin rabon maganin kariya daga masassarar cizon sauro ya zo. Wanda ba ɗan nan ba, ga yadda abin yake. Daga Yuli zuwa Oktoba, wata-wata, ma'aikata suna bi gida-gida suna ba yara daga 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. Ranar farko ƙwaya biyu a gaban mai rabo, sauran kwana biyu uwa ta ba da ɗaya-ɗaya a gida. Suna auna damtsen yaro da wani ɗan zare mai kore da rawaya da ja don gano tamowa, su rubuta a kati. Maganin yana da ɗaci, wani yaron yakan yi amai. An yi shekaru ana yi, ba sabon abu ba ne. Ɗiyar Yaya, wadda muke ce wa Takwara saboda sunan Inna ta ci, ta sha shi damina biyu lafiya lau. A lokacin tana da shekara uku da rabi. Yarinya ce mai surutu, in na shiga gidan tun daga zaure nake jin "Kawu ya zo, Kawu mi ka kawo mini?"

Kwana kaɗan kafin zagayen farko wani vokal ya shigo gurup ɗin direbobi. Minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Muryar magidanci ce, a natse, ya fara da sallama da salatin Annabi kamar mai shirin wa'azi. Ya ce shi ma'aikacin lafiya ne, ba zai faɗi sunansa ba saboda tsoron aikinsa. Ya ce jiya a nan garinmu yara bakwai sun mutu bayan an ba su maganin nan da ake bi gida-gida, waɗanda suka rayu kuma ba za su haihu ba. Muryarsa ta yi rawa a wurin, kamar zai yi kuka. Ya rufe da cewa duk wanda ya ji bai tura ba, Allah zai tambaye shi jinin yaran Musulmi. A ƙarƙashinsa wani ya rubuta cewa maganin korona ne ake gwadawa a ɓoye.

Jikina ya yi sanyi. Na lura da kibiya biyu a saman saƙon, alamar da WhatsApp ke sa wa abin da aka tura sau da yawa, kuma tun watan Afrilun shekarar ba ya barin a tura irin wannan sai wuri ɗaya a lokaci guda. Wannan bai tsayar da ni ba, ai sana'ata ce. Na sauke shi a kwamfuta, na sake ɗora shi kamar sabo, na watsa a duk gurup ɗina. Mutanen ƙauye da suka kawo memori a satin, na zuba musu shi kyauta a kan abin da suka biya, ina ganin lada nake samu.

Sai na tura wa Yaya. Mijinta yana Agadas wajen neman kuɗi, ita kaɗai ce da yara a unguwar Bagalam, kuma duk abin da ya shige mata duhu ni take tambaya. Ban tura mata shi haka kawai ba. Na danna na ƙara da muryata: "Yaya, ki saurari wanga da kyau. In sun zo kar ki bari su ba Takwara komi." Daƙiƙa tara. Har yau yana cikin wayarta, ba ta goge ba, ni ma ban ce ta goge ba. Yaya ba ta san mutumin nan mai minti huɗu ba, da shi kaɗai ne watakila da ta yi shakka, domin ta ga amfanin maganin da idonta. Daƙiƙa tara ɗin nan nawa su suka rufe ƙofar.

Da masu rabo suka zo, wata mata da hijabi da takunkumi a fuska da wani saurayi mai riƙe da littafi, Yaya ta shige ɗaka da yarinyar ta aiko babban ɗanta ya ce ba kowa. Haka a Yuli, haka a Agusta. Ruwa ya yi yawa a shekarar, kwata ta cika, sauro kamar a ɗiba da hannu.

Ranar wata Laraba cikin Satumba jikin Takwara ya yi zafi. Yaya ta sayo farasitamol a teburin bakin titi, zafin ya sauka, ya dawo. Alhamis ta ƙi cin abinci, ta yi amai sau biyu. Daren Juma'a wajen ƙarfe ɗaya wayata ta yi ƙara, ban ji magana ba sai kuka. Na hau babur ɗin maƙwabcina ba takalmi. Na tarar da yarinyar a kan tabarma jikinta yana fizga, idanu sun juye sai fari, haƙora sun datse, Yaya tana ƙoƙarin cusa mata cokali a baki. Na naɗe ta a zane na saɓa a kafaɗa, Yaya ta hau bayana, muka ratsa ruwa da taɓo zuwa likita.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin yara a watan Satumba ba, ba zai gane ba. Gado ɗaya yara biyu, wani uku, uwaye a ƙasa kan tabarmi, ledar ruwa a rataye ko'ina. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta soki yatsan Takwara ta ɗiga jini a ɗan farin abin gwaji, kafin a jima layi biyu suka fito. Ta ja fatar idonta ƙasa, ciki fari fat kamar auduga. Ta buɗe tafin hannunta, shi ma haka. Ta ce palu ne, wato masassarar cizon sauro, ya hau kai, kuma jininta ya ƙare, sai an ƙara mata. Sannan ta tambayi Yaya, ba da faɗa ba: "Ina katinta na maganin damina?" Yaya ta sunkuyar da kai. Ba ta dube ni ba. Da ta dube ni da ya fi mini sauƙi. Matar ta yi ɗan jim ta ce, "Bana ba ku kaɗai ba ne. Allah shi ba ta lafiya," ta ci gaba da neman jijiya a hannun yarinyar.

Na ba da jini a daren. Kwana biyar Takwara ba ta san inda take ba. Ina zaune a bakin baranda ina kallon masu shiga da yara a kafaɗa, wasu kuma suna fita da su a naɗe cikin tabarma, ina tambayar kaina ko a cikinsu akwai wanda na zuba wa uban vokal ɗin nan a memori. Rana ta shida ta buɗe ido. Ta rayu, alhamdu lillahi. Amma hannunta na hagu ya saki, ƙafar hagu tana ja, kuma bakin nan mai surutu ya ɗauke. Sai da ta kusa shekara kafin ta sake cewa Kawu.

Ba zan ce da ta sha maganin lalle da ba ta kwanta ba. Rai da lafiya na Allah ne, kuma akwai yaran da suke sha su kamu. Wani ma'aikacin lafiya da ke kawo caji wajena ya bayyana mini cewa in an sha shi yadda ya kamata yana kare kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwa. To wannan kariyar ni na cire wa yarinyar da bakina. Yaya ba ta taɓa cewa laifina ne ba. Duk lokacin da na ɗauko maganar sai ta ce, "Bari, Auta, abin da Allah ya rubuta ne." Na yarda da ƙaddara, amma na san an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, ni kuwa kwance shi na yi.

Wata guda bayan an sallame su, wani dattijo ya zo yana son wani tsohon tafsiri. Ina lalube cikin kwamfuta, a ma'ajiyar abubuwan 2018, sai na ga wani saƙon murya da ba suna. Na danna. Sallamar nan ce, salatin nan ne, muryar nan ce mai rawa. Jiya a nan garinmu yara bakwai. Shekara biyu kafin a san wani abu wai shi korona, saƙon yana kwance a cikin na'urata, ni na adana shi na manta. Na sa abin kunne na saurare shi sau uku a jere. Sai a lokacin na ji abin da ban ji ba da farko. Bai ambaci sunan gari ba. Bai faɗi rana ko wata ba. Bai ma faɗi sunan maganin ba, "maganin nan" kawai yake cewa, don haka zai hau kan ɗigon shan inna, zai hau kan allurar baƙon dauro, zai hau kan duk abin da aka kawo. Kuma da ya zo maganar kuɗin da wai ake biyan masu rabo, da naira ya ƙirga. An ɗinka shi ne kamar riga mai faɗi, kowane gari ya sa ta yi masa daidai, kowace shekara "jiya" ɗinsa sabuwa ce. Na rufe rumfa tun kafin azahar ranar.

Da dare na yi nawa vokal. Na faɗi sunana, da unguwarmu, da inda rumfata take. Na ce saƙon da na tura muku ƙarya ne, tsoho ne, ga abin da ya sami ɗiyar yayata, ku gafarce ni, ku ba yaranku magani. Na tura duk inda na tura na farko. Na farkon kafin kwana ɗaya ya dawo mini ta hanya biyar ko shida, har daga wani ɗan'uwanmu da ke Libiya. Na biyun bai dawo ko sau ɗaya ba. Mutum uku suka ce Allah shi ba ta lafiya. Wani ya rubuta, "Nawa suka ba ka?" A gurup ɗaya aka fitar da ni.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani tsoho ne daga wajen Safo, mai kawo mini waya duk ranar kasuwa. Na zaunar da shi a benci na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara har na gama, yana jan carbi. Sannan ya ce, "To yaro, wanne za mu ɗauka, na da ko na yanzu? Duka bakinka ne." Ban sami amsa ba. Gaskiya ya faɗa. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya, ɗaya yana jan ƙafa a gidan Yaya, ɗaya kuma shi ne wannan, cewa ko gaskiya na faɗa yanzu sai an auna ta da ƙaryar da na taɓa kawowa.

Ba na yarda in ji ana cewa mutanenmu jahilai ne shi ya sa suke gaskata irin wannan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, an gwada maganin Trovan a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, maganar ta yi shekaru a kotu. Kano ba nisa gare mu ba, iyayenmu sun ji. Da wannan tabon aka ƙaurace wa ɗigon shan inna a can a 2003, cutar ta sake bazuwa har ta tsallako mana. A nan Nijar ma, a 2015, an gano allurar sanƙarau ta jabu tana yawo a lokacin da mutane ke neman ta ido rufe. Mai ƙera ƙarya ya san duk wannan. Ba daga sama yake farawa ba, tsohon miki yake nema ya danna. Shi ya sa in ka ce wa mutum saƙon nan ƙarya ne, sai ya ji kamar ka ce abin da ya faru a Kano ma ƙarya ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu ya wuce gaskata ƙarya. Mutane sun gaji, sun koma ba su gaskata komi. Ranar Litinin 8 ga Nuwamban 2021, kwana ɗaya bayan ramin zinariya ya rufta da mutane a Garin Liman wajen Dan Isa, wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a cikin garin nan, yara fiye da ashirin suka rasu. Ina rumfa labarin ya shigo wayoyin da ke kan allo, suna ta ƙara ɗaya bayan ɗaya. Wani magidanci da ke zaune wajena ya saurara ya ce, "Ƙaryar 'yan WhatsApp ce, hoton gobarar Yamai ne ta watan Afrilu." Kuma cikin hotunan da aka turo akwai waɗanda da gaske ba na Maradi ba ne. Ya ci gaba da shan shayinsa. Sai da ya ga mata suna gudu a titi ba mayafi sannan ya miƙe. Nasa yaran ba a can suke ba, Allah ya kiyaye, amma na ga fuskarsa lokacin da ya gane cewa ya zauna a kan gaskiya yana ce mata ƙarya.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 abin ya wuce misali. Iyaka a rufe, wutar Najeriya a yanke, kowa a tsorace. Kowane dare sai an turo hoton motocin yaƙi an ce ga su nan sun iso bakin iyaka. Wani hoton ma da duwatsu da dogayen itatuwa irin waɗanda babu su a duk faɗin ƙasar Katsina. Wata maƙwabciyarmu ta ɗaure kayanta cikin zannuwa ta kwana uku a kansu. 'Yan kasuwa kuwa kowace jita-jita ƙarin kuɗi ce a kan buhun shinkafa. A da muna cewa gani ya kori ji. Yanzu ka gani da idonka a waya, kuma ƙarya ne. Abin da na riƙa yi shi ne in buga wa wani direba da na sani a Dan Isa in ce, leƙa waje ka faɗa mini abin da ka gani. Yakan ce ba komi sai kamiyoyi a jere da jakuna.

An gwada magance abin da ƙarfi. Akwai dokar laifukan intanet tun 2019, an kuma yanke intanet ɗin waya na tsawon kusan kwana goma, bayan zaɓen Fabrairun 2021. A rumfata na ga abin da hakan ya haifar. Jita-jitar ba ta tsaya ba, ta koma baki da baki da memori, kuma kowa ya ce tunda aka yanke akwai abin da ake ɓoyewa. Tsoron doka ya sa mutum ya tura maka abu ya ce kar ka ce ni na ba ka, wato an ƙara binne asalin maganar. A ganina ba a dawo da yarda da sanda. Inna da ta rayu shekara arba'in kusa da rediyon Baba, yau ko sanarwar ganin wata aka yi sai ta ce a bari tukuna a ji daga bakin liman, domin an sha turo mata muryar wai an ga wata alhali ba a gani ba, an kuma taɓa turo mata rasuwar wani malami da yake raye.

Limamin masallacinmu ya taɓa karanta ayar nan ta Suratul Hujurat da ke cewa in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, kada ku cutar da wasu cikin rashin sani ku wayi gari kuna nadama. Ya haɗa da hadisin da ke cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Tun ina makarantar allo na san su. Ban taɓa kawo wa raina cewa danna kibiya a waya yana cikin "faɗi" ba, kuma kullum ina ɗaukar fasiƙin wani ne can, ban ga cewa ga Yaya ni ne mai kawo labarin ba.

Har yanzu ina rumfar. In aka kawo mini vokal a ce in zuba a memori, nakan tambayi mai shi: wa ke magana, a wane gari, wace rana? In babu ko ɗaya ba na zubawa, ko nawa za a ba ni. Na rasa masu ciniki a kan haka, akwai rumfuna biyu a gaba da ba su tambaya. A fada ma an daina ce mini mai labarai.

Takwara ta shiga lakwal, a makare. Tana rubutu da dama, hagun tana riƙe allo da ƙyar. In yara suna tsere a ƙofar gida ita ce mai ƙirga musu. Yaya ta sake haihuwa, namiji. A watan Yulin da ya wuce, ranar da masu rabo za su shiga Bagalam, na bar yarona a rumfa na je na zauna a zauren Yaya tun da hantsi. Da suka iso ni na riƙe yaron a cinyata. Matar ta narka ƙwayar a cokali da ɗan ruwa, ya tsuke baki, ya yi kuka, ya haɗiye. Takwara tana tsaye tana ce masa, a hankali yadda take magana yanzu, "Sha, ba zafi."

Da suka fita na bi su zuwa gidan da ke kallon namu. Akwai yara uku ƙanana a ciki. Mai gidan yana cikin waɗanda na tura wa saƙon nan a 2020. Saurayin ya yi sallama sau uku, aka aiko yaro ya ce ba kowa. Na ɗaga murya na kira mai gidan da sunan babban ɗansa, na ce ni ne. Ya fito bakin zaure, muka gaisa, ya dubi masu rabon, ya dube ni. Na ce masa ya leƙa ya ga Takwara. Ya ce ya gan ta, Allah shi ƙara sauƙi, amma shi dai zuciyarsa ba ta kwanta ba. Matar ta duba littafinta ta ce suna unguwar har jibi. Na ce mata gobe bayan azahar su biyo ta nan, zan zo in same su.